Sawun yaro, sawun tsoho: yadda furojet ɗina ke tafiya

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Alhamdulillahi yau Malam ya sa hannu a taken furojet ɗina, bayan sau uku ina kai masa yana dawo min da takardar ja-jawur da biro. Aikin a taƙaice: zan auna yadda nauyin mutum ke danna tafin ƙafarsa in yana tafiya, ina ne ya fi shan matsi, dunduniya ce ko gindin yatsu ko babban yatsa, sannan in kwatanta rukuni uku, yara 'yan shekara 6 zuwa 10, matasa 'yan 20 zuwa 30, sai dattawa daga 60 zuwa sama, mutum 15 a kowane rukuni. Zan riƙa rubuta komai a nan don na san halina, in ban rubuta ba ranar difens za a ce me ya sa ka yi kaza, in tsaya ina sosa ƙeya.

Zaton da na shiga da shi, kuma shi na rubuta wa Malam, shi ne shekaru ne za su raba su. Yaro ƙafarsa a shimfiɗe take, matashi yana sauka da dunduniya ya tashi da babban yatsa, tsoho kuma kitsen da ke dunduniyarsa ya rage laushi. To za mu gani.

Sai batun da me za a auna. Na'urorin da ake wannan aiki da su a waje, irin pedar ta kamfanin Novel da ke Munich a Jamus, shimfiɗar cikin takalmi guda ɗaya sensa 99 ne a jikinta, kuɗinta kuwa ba na ɗalibi ba ne, ko tambaya ban yi ba. Don haka hanya biyu zan bi. Ta farko Malam ya buɗe kabad ɗinsa ya zaro min wata tsohuwar tabarmar Harris duk ƙura. Roba ce shimfiɗaɗɗiya, a ƙasanta akwai ƙananan layuka masu tsayi daban-daban, sai a shafa musu tawada a sa takarda a ƙarƙashi mutum ya taka. Inda ya taka a hankali dogayen layukan kaɗai ke taɓa takarda, inda nauyi ya danna sosai har gajerun ma sun taɓa, wajen sai ya fito baƙi ƙirin. Wasu likitoci biyu na Kanada, Harris da Beath, su suka yi aiki da ita wajen duba ƙafafun sojoji sama da dubu uku, rahotonsu ya fito a 1947. Ni dai da na ganta raina ta na yi, na ce wannan ai kayan tarihi ne. Hanya ta biyu ita nake ɗoki, wani abokina ɗan ɓangaren injiniya ya ce za mu iya haɗa tamu shimfiɗar da sensa biyar da Arduino, wato ɗan allon lantarki da ke karanta sensa ya aika wa kwamfuta.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na miƙa takardun neman izinin kwamitin ɗa'a. Na fassara takardar amincewa zuwa Hausa, ta yara iyayensu ne za su sa hannu. An ce in jira.

Asabar, 11 ga Janairu

Mun shiga Sabon Gari ni da injiniya tun ƙarfe goma. Arduino Nano naira 9,000, wayoyi da resista (ɗan abin rage gudun wuta) da ɗan allon gwaji 5,000. Sensa kuwa muka zaga har ƙafa ta gaji ba mu samu ba, wani mai shago ma ɗauko mana sensar ƙofar mota ya yi yana rantsuwa ita ce. Irin wadda muke nema ana ce mata FSR, siririya ce kamar ledar kati, kanta zagayayye, in ka danna ta sai ta ƙara barin wuta ta wuce. Ƙarshe a intanet muka yi oda daga Legas, guda shida a kan 8,500 kowace, biyar na aiki ɗaya ta ko-ta-kwana, ga kuɗin aikowa 4,500. Yau kaɗai 69,500 ta tashi, Yaya ne ya turo min rabi, Allah ya saka masa.

Wuraren da za mu sa su: tsakiyar dunduniya, gefen ƙafa ta waje, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa, sai kan babban yatsan kansa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kaya sun iso jiya, yau kuma na ƙona guda biyu da hannuna. Injiniya ya tafi sallar la'asar ya ce in jira shi, ni kuma zumuɗi ya hana, na ɗauki ƙarfen narka dalma na ce bari in liƙa wayoyin kafin ya dawo ya ga na yi ƙoƙari. Ashe jelar sensar roba ce zalla, ina ɗora ƙarfen ta narke ta nannaɗe kamar ledar da ta faɗa a garwashi. Maimakon in tsaya sai na ce wataƙila daɗewa na yi, na ɗauko ta biyu na yi sauri-sauri, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Da ya shigo ya ga warin roba ya cika ɗakin bai ce komai ba sai da ya zauna, sannan ya ce "Likita, kai ka tsaya a ƙafa, ka bar min waya." Ba a liƙa su da wuta kai tsaye in ba gwani ba, ɗan maƙalli ake sawa mai matse jelar da sukurudireba. Na sake odar biyu, 21,500 har da aikowa, kuma ban gaya wa Yaya ba tukuna.

Litinin, 20 ga Janairu

Ba wuta tun jiya, laftof ta mutu. Karatu kawai na yi.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau ranar gwajin ma'auni, kuma yau na fara gane abin da na jefa kaina ciki. Arduino ba ya ba ka nauyi, lamba kawai yake ba ka daga 0 zuwa 1023, kai za ka nemo lamba kaza nauyi nawa take nufi. Ba mu da duwatsun awo, sai injiniya ya ce ai fiya wata na nan, leda ɗaya rabin lita ce wato kusan rabin kilo, jaka ɗaya mai leda 20 kilo goma kenan. Muka kwantar da sensa a bakin tebur, muka ɗora maɓallin riga a kanta don nauyin ya sauka daidai kan zagayen, muka gitta ɗan katako muka rataya bokiti da igiya ta ƙasa, muna jefa leda ɗaya-ɗaya ina rubutawa.

Leda ɗaya, biyu, uku, lamba tana hawa da kyau har ina murna. Daga ta huɗu sai ta fara nawa, ta tsaya wajen 930 da wani abu, muka zuba jakar gaba ɗaya da ƙyar ta kai 990 da ɗoriya. Wato tsakanin kilo biyu da kilo goma sensar kusan abu ɗaya take gani. Na koma takardar bayaninta, wadda ya kamata in karanta tun kafin in saya, an rubuta ƙarara tana aiki ne daga kusan niyuton 0.2 zuwa 20. Niyuton 20 kusan kilo biyu kenan. Faɗin zagayen milimita 12.7 ne, in ka lissafa fili bai wuce santimita murabba'i 1.27 ba, ka raba niyuton 20 a kansa ka samu kilofaskal 158 ko kusa da haka, kilofaskal shi ne ma'aunin matsi. Dunduniyar babban mutum kuwa ba takalmi tana wuce 200 cikin sauƙi. Kenan daidai inda nake son in ga bambanci, nan ne na'urar take rufe ido.

Wallahi sai da na ji zufa duk da sanyin hunturun nan. Injiniya ya ce a cire resista mai 10k a sa mai 1k, hakan zai sa ta rage jin ƙaramin nauyi amma ta buɗe a sama. Muka canza muka sake daga farko, yanzu leda huɗu tana ba da wajen 500, jaka guda 800 da wani abu, akwai tazarar da za a iya aiki da ita. Amma wasu aibobin biyu suka fito. In ka bar nauyi a kai minti ɗaya lambar tana ci gaba da hawa ita kaɗai ba ka ƙara komai ba, sannan lambar da take bayarwa a leda shida lokacin da kake ƙarawa ba ita take bayarwa a leda shida lokacin da kake ragewa ba. Kuma kowace sensa da nata halin, sai da muka yi wa biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya har bayan isha'i. Leda ɗaya ta fashe dab da laftof, Allah ya tsare.

Laraba, 29 ga Janairu

Na kai wa Malam labari ina ta kame-kame. Ya saurara ya ce, "To kar ka kuskura ka rubuta min kilofaskal a babi na huɗu kamar kana da na'urar miliyoyi. Ka rubuta kaso, dunduniya ta ɗauki kaso kaza na jimilla, yatsa kaso kaza, da lokacin da kowane waje ya yi yana taɓa ƙasa. Wannan na'urarka za ta iya." Na ce to Malam. Ya ƙara da cewa in riƙe tabarmar nan da kyau don ita ba ta san an ɗauke wuta ba.

Da yamma mun gyara wata matsalar. Ƙafa ɗaya tana yin kusan kashi 60 cikin 100 na zagayen taku a ƙasa, wato wajen sakan 0.6, mu kuma layi talatin da 'yan kai kawai muke samu a sakan saboda saurin aika bayanai yana kan 9600. Aka mayar da shi 115200, yanzu muna ɗaukar 100 a sakan.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Izini ya fito. Na je Ƙofar Wambai na tsinto kambas na gwanjo ƙafa biyar masu girma daban-daban, 22,000, na wanke su da omo na shanya. Mai gyaran takalmi na bakin layinmu ya yanka min soso daidai cikin kowanne, 3,000, yana ta tambaya ko takalmin kama ɓarayi nake haɗawa. Tawada da rim ɗin takarda 9,500.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yara. A tsakar gidanmu muka yi, kan siminti, 'ya'yan maƙwabta da na 'yan'uwa waɗanda iyayensu suka sa hannu, goma sha ɗaya suka zo. Biskit da alewa 4,000, kuma ba su isa ba don waɗanda ba sa cikin lissafi sun fi yawa.

Ban taɓa sanin cewa "yi tafiyarka yadda ka saba" magana ce mai wuya ba sai yau. Yaro na ganin tabarma sai ya auna ta da ido ya daka tsalle ya dira a kai da ƙafa biyu. Wani ya taho yana fareti kamar soja. Wata 'yar shekara bakwai ta zo dab da ita ta tsaya cak, ta ɗora ƙafa a hankali kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Takarda ta fi ashirin da na yar. Dabarar da ta yi aiki ita ce ta taku biyu: in tsayar da yaro daidai inda takunsa na biyu zai faɗa kan tabarmar, ƙanwata ta tsaya can gaba da biskit a hannu tana ce masa kalle ni nan, kar ka kalli ƙasa. Sai mu yi gwaji sau uku ba tawada kafin na gaske.

Sawun kuwa abin sha'awa. Na 'yan shekara shida yawanci cike yake, kwarmin tsakiyar ƙafa kusan babu, kamar an ajiye ɗan burodi. Na 'yan tara da goma kwarmin ya fito sosai. Wata uwa ta leƙo ta ga na ɗanta ta ce "Likita, ba dai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa gare shi ba?" Na ce Inna kwantar da hankalinki, yara ƙanana akwai kitse a wajen, kuma kwarmin yana ci gaba da ginuwa har wajen shekara goma, na sa shi ya yi ɗage a kan yatsu, sai ga kwarmi ya bayyana, ta gani da idonta.

Takalmin sensa kuma wahala ce. Wayar da ta haɗa shi da laftof mita biyar ce, don haka injiniya ne ke bin yaro a baya riƙe da laftof kamar mai riƙe wa sarki lema, yaro ya juyo yana dariya, waya ta harɗe. Mun dai samu na tara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Matasa 15, duk 'yan ajinmu da na ƙasa da mu, kwana biyu aka gama. 'Yar ajinmu ce ta auna matan. Ba wani labari, sai mutum ɗaya mai saiz 46 da ƙafarsa ta fi takardar tsawo, sai da na haɗa biyu da salatif.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na fara dattawa da kakata, don in na iya da ita to na iya da kowa. Tana ganin kwalbar tawada ta janye ƙafa ta ce ita ba za a shafa mata abin da zai hana ruwan alwala shiga ba. Na nuna mata tawadar a ƙasan roba take, ƙafarta ba za ta taɓa ba, ta shafa saman da yatsa ta duba ta ga fes, sannan ta yarda. A nan na fara ganin darajar tabarmar Malam, da irin ta dangwala ƙafa a tawada ce da rabin dattawan nan ba za su yarda ba. Na ce Hajiya ki tsaya nan, ki fara da ƙafar hagu, ki kalli ƙofa. Ta ce "Kai maigida, ni da na haifi uwarka yau kai za ka koya min tafiya?" Na ce amarya ai gyara miki nake kar a yi miki kishiya. Ta yi tafiyar, amma wace irin tafiya, a hankali tana rangaji kamar ranar da aka kai ta ɗaki, matar da kullum nake gani tana zarya tsakanin madafa da rijiya ba ta ko tsayawa.

Sawunta ya bambanta da na matasa ƙwarai. Yatsun kusan ba su fito ba, 'yan ɗigo-ɗigo kawai, babban yatsan ya karkata wajen 'yan'uwansa, gindin yatsu kuma baƙi. Dunduniyar duk layin faso ya fito a takarda kamar taswirar rafuka, hunturu ya yi aikinsa.

Bayan la'asar na je majalisar dattawan ƙofar masallacinmu, liman ya riga ya yi musu bayani. Matsalar da ban hango ba ita ce shekaru. Mutum uku kaɗai suka faɗi shekararsu kai tsaye, sauran sai "to, za a yi saba'in" ko a miƙo katin zaɓe wanda mai shi da kansa yake cewa na ofis ne ya rubuta abin da ya ga dama. Sai na koma tambaya da tarihi. Baba, lokacin da aka kashe Sardauna kana ina? Wannan Janairun 1966 ne. Ɗaya ya ce yana makarantar allo har ya fara zuwa itace, ka ga an haife shi kafin 1960 ko dab da ita, ya shiga rukuni. Wani ya ce yana tuna zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, an ɗora shi a wuya ya ga motoci, wannan ya haura saba'in da kyau. Wani kuma ya ce shi dai da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira yana goye, 1973 kenan, bai kai ba, na ba shi haƙuri, ya ji haushi har yana cewa furfurarsa ta fi ta liman. Hira ta ɓarke a kan komawa tuƙin dama a 1972 da rasuwar Murtala a 1976, da ƙyar na dawo da su kan ƙafa. Shida na auna kafin magariba.

Kambas ma ya zama abin magana. Yawancinsu silifas ko fade suke sawa shekara da shekaru, wani ya ce rabonsa da takalmi rufaffe tun yana aikin masaƙa. Da na ɗaura masa sai ya riƙa ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake kwata. Na rubuta wannan a gefe, ban san yadda zan yi da shi ba tukuna.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Dattijo na goma sha ɗaya ya sa na ajiye furojet gefe na kusan awa guda. Sawunsa na dama ya fito da wani baƙin tabo guda ɗaya a gindin babban yatsa, zagayayye kamar kwabo, ya fi ko'ina duhu nesa ba kusa ba. Na ɗauka tawada ce ta taru, na goge na sake shafawa ya sake takawa, tabon na nan a wajensa. Na ce Baba don Allah zauna in ga ƙafar. Kanta ce mai kauri a wajen, ta yi tauri kamar ƙaho, tsakiyarta da ɗan duhu-duhu. Ya ce ai ta daɗe, da reza yake fere ta in ta yi yawa, kuma ba ta yi masa zafi ko kaɗan. Wannan "ba zafi" ɗin shi ya tayar min da hankali. Na tambaye shi ciwon suga, ya ce an taɓa gaya masa shekarun baya, ya sha magani ya ji sauƙi ya bari.

Ina da ɗan silin roban nan na gwajin ji a jaka, wanda ke lanƙwasawa in ya danna da nauyin giram 10. Na ce ya rufe ido ya ce "eh" duk inda ya ji. Babban yatsa shiru, gindin yatsu shiru, sai can wajen idon sawu ya ce eh. Abin da muka karanta a aji kenan yana zaune a gabana a kan benci: jijiyoyin ji sun mutu, matsi yana taruwa waje ɗaya a kowane taku, kanta ta taru ta ƙara matsin, ƙarƙashinta nama yana mutuwa mutum bai sani ba har gyambo ya buɗe. Shi ya sa a takalman da ake yi wa masu suga ake ƙoƙarin matsin cikin takalmi ya sauka ƙasa da kilofaskal 200.

Na ce Baba ni ɗalibi ne ba zan taɓa wannan ba, amma don girman Allah a ajiye reza, kar a taka ƙasa ba takalmi, a riƙa zazzage takalmi kafin a sa, kuma ranar Litinin a je asibiti a auna suga a nuna ƙafar. Na kira babban ɗansa na nuna masa takardar, don tabon da ke jikinta ya fi duk bayanina shiga kai. Ya ce zai kai shi. A ƙa'idar aikina masu matsalar jijiya ba sa cikin waɗanda zan lissafa, don haka na cire shi, saura in nemo wani. Kuma daga yau duk dattijo sai na yi masa gwajin silin nan kafin ya taka, goman farko ma zan koma musu.

Takalmin sensa bai nuna komai a kansa ba, sensar tana gefen tabon da kusan faɗin yatsa ɗaya.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na kwana biyu ina zuba lambobi. Sawayen tabarma na yi musu sikanin ina aunawa da ImageJ, manhajar kyauta ce, ta hanyar Cavanagh da Rodgers ta 1987: ka cire yatsu, ka raba tsawon sauran sawun gida uku daidai, ka raba filin na tsakiya da jimilla. Ƙasa da 0.21 kwarmi mai zurfi, sama da 0.26 shimfiɗaɗɗiya. Wannan yana tafiya lafiya.

Na sensa kuma da na zana sai ga abin da nake fata ya fito, dattawa dunduniyarsu da babban yatsansu ba sa dannawa kamar na matasa, kuma ƙafarsu ta fi daɗewa a ƙasa. Na ruga ofishin Malam da laftof a buɗe. Ya duba ya gyaɗa kai ya ce, "Da wane sauri kowannensu ya yi tafiyar?" Na yi shiru. Ban auna ba. Ko mutum ɗaya ban riƙe wa agogo ba.

Ya ce in kira duk wanda na gani a baranda. Na kamo wani ɗan aji uku na sa masa kambas, ya yi tafiya sau uku, a hankali, yadda ya saba, da sauri. Yaro ɗan shekara 22, amma zanen tafiyarsa ta a hankali in ka ajiye kusa da na Hajiya da ƙyar ka raba su, dunduniya ta sauka, yatsa ya sauka, lokaci ya ƙaru. Da ya yi sauri kuma duk suka haura. Kenan abin da na kira bambancin shekaru zai iya zama bambancin sauri ne kawai, ko na baƙon takalmi, ko na tafiyar amarya da aka yi min don ana kallo. Tsufa na rage sauri da gaske, lafiyayyen babba yana yin wajen mita 1.2 zuwa 1.4 a sakan, kuma in dattijo ya sauka ƙasa da 0.8 likitocin tsofaffi suna ɗaukar hakan alamar rauni, amma ni ba ni da hujjar cewa ga rabon tsufa ga rabon sauri tunda ban auna ba. Malam ya ce "Ba ka yi asara ba, sawayen tabarma suna nan. Na takalmi ne za ka sake." Na ce duka Malam? Ya ce duka.

Na fito na zauna a ƙarƙashin dalbejiya na kusan rabin awa ban kira kowa ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau. Jiya na je gidan Baba mai tabo, ɗansa ya kai shi, an ce sugan ya hau sosai an mayar da shi kan magani, an kuma fere kantar a asibiti aka samu ɗan rami a ƙarƙashi, suna zuwa wanki. Ya ce in gaishe da tabarma.

Tsarin zagaye na biyu. Zan ja layin mita 10 da alli, in riƙe agogo a mita 6 na tsakiya kawai don a cire tashi da tsayawa. Kowa zai yi sau uku yadda ya saba, matasa kuma za su ƙara sau uku a hankali daidai saurin dattawa, in ga ko bambancin zai rage ko zai ɓace. Kowane dattijo zai yi minti biyar yana zagaya da kambas kafin a kunna komai, kuma ba zan gaya masa wane zuwa ne na gaske ba. Injiniya ya sayo ɗan abin sa katin memori, 4,000, za a ɗaure akwatin a ƙugu da batir, ba sauran bin mutum da laftof. Wajen sa sensa kuma zan fara duba sawun tabarmar mutum in ga inda ya yi baƙi sannan in liƙa, maimakon in sa a inda littafi ya ce.

Duk awo da safe za a yi tsakanin takwas da sha ɗaya, don tafiyar mai azumi bayan la'asar wata aba ce daban, kar in ƙara wa kaina wani ruɗanin. Yara sai Asabar da Lahadi. Saura yara shida a takalmi huɗu a tabarma, dattawa biyar, sannan maimaicin kowa.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau 133,500, ban da na adaidaita sahu da sikanin. Na gaya wa Yaya batun sensa biyun da na ƙona, ya ce dama ya sani, injiniya ya riga ni. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da Hajiya, kuma sai ta ɗauko min buta daga bakin rijiya ina riƙe da agogo a aljihu.